Sunan Yaya a Cikin Gwaji

Ni dai tun farko ban so aikin fom ɗin mutuwa ba. Ranar da aka raba aiki a ofis, wasu suka samu fom ɗin haihuwa, wasu na ganin likita, ni kuma aka miƙo min na shaidar rasuwa, wai don ba na tsoron komai. Ƙarya ne, bakina ne kawai ba ya tsoro. Shi ya sa suke kirana Barkono, ni kuma ban taɓa hana su ba.

Kamfaninmu manhaja yake rubuta wa asibitoci. Ɗaki ɗaya ne dogo a saman bene, tebura a jere, na'urar sanyi tana ɗiga cikin bokiti, tagoginmu na kallon bayan wani gidan buga takardu. Aikina shi ne ɓangaren da ke karanta ƙa'idojin fom. Asibiti zai rubuto ƙa'ida a layi guda: gurbin suna dole a cike shi, ranar rasuwa dole ta zo bayan ranar haihuwa, kuma kada ta zama ranar da ba ta zo ba tukuna. Abin da na rubuta shi zai tsinka layin nan gunduwa-gunduwa ya gane kowace ƙa'ida, sannan in ma'aikacin asibiti ya cike fom, ya ce na karɓa ko na ƙi. Iyakar aikinsa ke nan, bai san kowa ba.

Muna da dokokin rubutu, kuma muna da mai tsaron su. Alƙali muke ce masa. Mutum ne mai furfura a gemu, tabarau a ƙarshen hanci, ba ya ɗaga murya kuma ba ya ja da baya. A ofishinmu babu layin da ke shiga manhaja sai da hannu biyu, wanda ya rubuta da wanda ya duba, kuma mai dubawa kusan kullum shi ne. Ya taɓa dawo min da aikin wuni guda saboda na bar tazara inda bai kamata ba. Na zazzaga masa masifa har muryata ta dishe, ya saurara tsaf, sannan ya ce in na gama in gyara tazarar.

Kowace safiya kwamfuta tana yi wa manhajar gwaji. Akwai fom-fom na ƙarya da muka ajiye, wasu daidai, wasu da gangan aka ɓata su, ana cusa su ɗaya bayan ɗaya a ga ko za ta karɓi na karɓa ta ƙi na ƙi. In komai lafiya, babban allon da ke bango ya nuna kore. In an samu matsala ya nuna ja, kowa ya ajiye shayinsa.

Wata safiya muka tarar da ja, kuma a ɓangarena. Na zauna ina mita na buɗe. Wani fom ne na ƙarya da aka sa wa ranar rasuwa ta can gaba, don a tabbatar manhaja za ta ƙi shi. Shekara da shekaru tana ƙin sa. To amma ranar da aka rubuta ta zo, yau ce, ta daina zama gaba, sai manhaja ta karɓa. Ba laifinta ba ne, laifin wanda ya kafa rana da hannu ne, abin da dokarmu ta hana ƙarara. Na duba gurbin suna, sai na ga an rubuta Baba Mai Gadi.

Muka yi dariya, don mun san aikin waye. Dogo ne, wani shaƙiyyin abokin aikinmu da ya bar kamfanin tun kafin Alƙali ya karɓi dubawa. Shi ba ya iya ƙirƙiro suna, duk wanda idonsa ya faɗa wa shi zai jefa cikin gwaji. Alƙali ya girgiza kai ya ce doka biyu aka karya a layi ɗaya, an kafa rana kuma an sa sunan mai rai. Ya ce a gyara wannan, sauran ɓarnar Dogo kuma a binciko ta in an samu sarari. Ba a samu sararin ba.

Kafin azahar mai kawo mana ruwa ya hau bene yana haki ya ce mu sauko. Baba Mai Gadi yana kan bencinsa, ya jingina da bango, hula ta zamo masa kan ido, rediyonsa na ta magana a cinyarsa. Ya riga ya yi sanyi.

Tsoho ne, yana fama da tari, kowa ya ce lokaci ne. Ni ma haka na ce. Amma da na koma tebur sai na ga layin a buɗe kan allona. Na yi a'uziyya na rufe shi, ban gaya wa kowa ba.

Bayan wasu watanni allon ya sake yin ja. Fayil daban, ɓarna iri ɗaya. Wannan karon Akanta aka rubuta. Akantarmu kuwa mace ce mai ƙarfi, tana hawa benen nan da gudu da takalmi mai tsini, ko ciwon kai ban taɓa jin ta yi ba. Tana tsaye a bakin ƙofa tana tsokanar masinja lokacin da nake karanta sunanta. Na so in gargaɗe ta. In ce kada ki fita yau don kwamfuta ta karɓi fom ɗinki? Na koma kan aikina. Da rana ta fita ɗauko ɗanta daga makaranta, wata motar yashi ta ƙwace a gangare. Ba ta kai makarantar ba.

Da muka dawo daga gaisuwa ban cire mayafi ba na zauna, na sa kwamfuta ta kakkaɓe min duk inda Dogo ya taɓa kafa rana. Yawancinsu shirme ne, sunayen 'yan ƙwallo da na kyanwarsa. Na mutanen da muka sani saura ɗaya tak. An rubuta Yayan Barkono, ranar kuma tana cikin mako mai zuwa.

Yaya shi ne uwata shi ne ubana. Iyayenmu sun rasu ina ƙarama, shi ya goya ni, shi ya koyi kitso don kada a yi min dariya a makaranta, kitson da in ya yi sai na kwana ina kuka. Direban motar kaya ne. In yana gari shi ke zuwa ɗaukata, ya tsaya a bakin ƙofa yana danna oda kamar an biyo shi. A nan suka saba da Dogo. Yaya na ce masa sandar tuta, shi kuma yana ce wa Yaya surukina, su yi ta zage-zagen wasa har in sauko.

Na kira Dogo a waya. Da ya gane abin da nake tambaya sai ya fashe da dariya, ya ce wallahi bai ma tuna ba, yatsunsa kawai ya watsa kan lambobi, duk ranar da ta fito ita ke nan. Na ba shi labarin Baba Mai Gadi da Akanta. Dariyar ta ɗauke. Ya ce in goge layin. Na zage shi tas, na zagi yatsun nasa, na kashe wayar.

Na goge layin na aika wa Alƙali ya sa hannu. Ya dawo min da shi, ya ce ba a goge gwaji, gyara shi ake yi. Na tura ranar can gaba da shekaru ɗari na sake aikawa. Ya dawo da shi, ya ce wannan ai kuskuren Dogo ne na ƙara wa tsawo. Na tashi na same shi a teburinsa, na ja kujera, na sassauta murya na gaya masa gaskiya duka. Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba, ni da nake yi wa mutane dariya in sun ce sun ga wani abu a mafarki.

Ya cire tabarau ya dube ni. Ya ce in yi istigfari, rai da mutuwa ba a hannun fayil suke ba, kuma ya san rasuwar Akanta ta taɓa mu duka. Na ce na sani, na yi istigfarin tun kafin in zo, amma yayana ne. Sai ya ce akwai hanyar da doka ta yarda da ita, wadda tun farko ita ya kamata a bi. Kada a rubuta kowace rana. A ce wa kwamfuta ta ɗauki ranar yau ta ƙara kwana ɗaya. Kowace safiya ranar da ke cikin fom za ta zama gobe, manhaja za ta ƙi, allo zai zauna kore har abada.

Wallahi ji na yi kamar in rungume tsohon nan. Ranar da ba za ta taɓa zuwa ba. Na ce to sunan fa, a cire shi ma. Ya ce gyara ɗaya, magana ɗaya, in kawo na suna daban. Na rubuta na ranar, ya duba ya sa hannu, ya shiga ana gobe ranar da Dogo ya kafa. Na suna kuwa ban kawo ba. Da na ga kore sai na ji tsoron sake taɓa wurin.

Da la'asar ɗin ranar da gyaran ya shiga, matar Yaya, wadda nake ce wa Anti, ta kira ni. Yaya ya yanke jiki ya faɗi yana ɗaure kaya, an kai shi asibiti. Na same shi a ɗakin masu tsanani, an sa masa robar numfashi, rabin fuskarsa ya saki. Likita ya ja mu gefe ya ce jijiya ce ta fashe a ka, mu kira duk wanda za mu kira, don ba ya jin zai wuce gobe.

Gobe ta zo, Yaya yana numfashi. Na shiga banɗakin asibiti na kulle ƙofa na yi dariya ni kaɗai, ina hawaye. Na ci nasara, haka na gaya wa kaina. Allah Ya yafe min, amma haka na faɗa.

Likita ya zo zagaye ya duba shi, ya ce abin mamaki ne, amma mu shirya, gobe dai. Kashegari wata likitar ce ta zo, ba ta san abin da na farko ya faɗa ba, ta karanta takardunsa ta ɗaga idonsa ta haska, ta ce zuwa gobe. 'Yan uwa suka zo suka yi kwanaki suka gaji suka koma. Ni kuma kullum da safe ina isa ofis kafin kowa, in buɗe gwajin in dubi fom ɗin Yaya. Sunansa na nan, ranar gobe na nan, a ƙasa an rubuta an ƙi. Sai in sauke numfashi in sha ruwa.

Makonni suka shige. Yaya bai tashi ba kuma bai tafi ba. Mutumin da ke ɗaga buhu da hannu ɗaya ya koma ƙashi da fata, bayansa ya yi gyambo saboda kwanciya, in ana juya shi yana wani irin nishi da ba na son tunawa. Maganin kashe zafi ya daina kama shi. Wata tsohuwar nas ta ce min tunda ta fara aiki ba ta ga jikin da ya gama komai ya ƙi tsayawa haka ba. Anti kuma ta ce kullum in dare ya raba sai numfashinsa ya ɗauke ɗif, har ta fara salati, sai ya dawo da wata irin ajiyar zuciya kamar wanda aka turo baya.

Anti ta rame ita ma. Wata rana muna zaune a baranda ta ce min ta daina roƙon Allah Ya tashe shi, yanzu roƙonta Allah Ya ba shi sauƙi ko ta wace hanya. Na hau ta da faɗa, na ce ta gaji da jinya ne, na faɗi maganganun da har yau nake jin nauyinsu. Ba ta rama ba. Ta ce in shiga in dube shi da kyau, ba irin kallon da nake yi masa daga bakin ƙofa ba.

Alƙali ya zo duba shi sau ɗaya. Ya tsaya a ƙarshen gado ya yi addu'a, kuma yana nan likita ya shigo ya maimaita maganarsa ta kullum. Na ga Alƙali ya ɗago kai ya dubi likitan, sannan ya dube ni. Tun daga ranar, in ya shigo ofis ba ya kallon allon bango.

Wata ranar hutu da hantsi, Anti ta je gida wanka, ni kaɗai ce a wurinsa. Rana ta shigo ta taga ta kwanta kan bargonsa. Ina shafa masa mai a ƙafa sai na ji an ce, “Auta.”

Tun da ya faɗi bai yi magana ba. Na ɗago. Idonsa a buɗe, tar, yana kallona, muryar kuma tasa ce sak, ta da, ba ta mara lafiya ba.

“Kullum sai na je,” ya ce. “Layi ne dogo. In na kai gaba sai a duba a ce ranata ba ta zo ba, in dawo gobe. Ƙafafuna sun gaji, Auta.”

Na ce masa mafarki ne, magani ne ke sa shi, zai warke mu koma gida.

“Na tambaye su wa ya rubuta haka,” ya ce. “Sun ce ke ce.”

Yaya bai san komai game da aikina ba. In an tambaye shi cewa yake ƙanwata tana danna kwamfuta. Ban taɓa gaya masa zancen fom ba, ban gaya wa Anti ba. Na ce, “Yaya, don kada ka tafi ne.” Bai yi fushi ba. Ya dube ni irin kallon da yake min ina yarinya in na ɓoye makullin motarsa don kada ya yi tafiya. Sannan idon ya rufe, nishin ya dawo.

Ranar aiki ta farko na isa ofis na zauna gaban fayil ɗin har shayi ya huce. Ban san abin da zai faru in na cire sunan ba. Wata zuciyar ta ce in an cire shi daga fom ɗin gaba ɗaya, to ya fita daga layin, zai miƙe ya nemi abinci. Wata zuciyar ta san ba haka ba ne. Na goge Yayan Barkono harafi bayan harafi, na rubuta Wane ɗan Wane, yadda doka ta ce a yi tun farko. Na aika.

Alƙali bai amsa ta kwamfuta ba, tasowa ya yi ya zo teburina, abin da bai taɓa yi ba. Ya tsaya a bayana ya karanta layin, ya sake karantawa. Ya ce gyaran daidai yake, ba shi da abin cewa a kansa. Sannan ya rage murya.

“In kina so, zan iya ajiye shi zuwa gobe.”

“A'a,” na ce. “Yau.”

Ya koma wurinsa. Na ga ya ɗora hannu kan linzamin kwamfuta ya daɗe bai danna ba, leɓensa na motsi. Da ya danna, gwaji ya gudu, allon bango ya nuna kore, ba abin da ya canza a ɗakin. Na'urar sanyi na ɗiga, wani na dariya a waya, injin gidan buga takardu na ta bugawa. Na ɗauki jakata na fita ban sallami kowa ba.

A cikin tasi na kama kaina ina tsara yadda za mu hau da shi matakalar gida, da wanda zai riƙe motarsa kafin ya yi ƙarfi. Har na sa direba ya tsaya na sayi lemo mai ɓawo, don Yaya na son sa. Wayata ba ta yi ƙara ba duk tsawon hanyar, ni kuma na riƙe wannan da hannu bibbiyu.

Na tarar da Anti a baranda tana ninke bargonsa. Tana ganina ta ajiye shi ta taho ta riƙe ni. Ta ce ya tafi ba da daɗewa ba, kuma ba ta kira ba don ba ta so in ji a kan hanya. Ta ce cikin sauƙi ya tafi, nishin ya tsaya, fuskarsa ta warware, ya yi kalmar shahada da bakinsa tana ji.

Na tambaye ta ko ya ce wani abu kafin nan.

“Ya farka da safe ya tambaye ki,” ta ce. “Na ce kina ofis, bari in kira ki. Ya ce a'a, ya sani, in bar ki ki gama.”

Na zame na zauna a ƙasan barandar da jakar kwamfuta a kafaɗata. Ledar ta yage, lemon ya gangara ƙarƙashin benci, wata nas ta sunkuya tana tsince min. Anti ta zauna kusa da ni tana ba ni haƙuri, ni kuwa kuka nake kamar ƙaramar yarinya, ina kiran Yaya.